Wa zai riƙe kulob ɗin garinmu? Tambayoyi da amsoshi kan kuɗin gwamnati da kuɗin ƙofa

A majalisun 'yan ƙwallo na Gusau, ko a Tudun Wada ko a Sabon Gari, da an gaji da musun Madrid da Barcelona sai hira ta dawo gida. Wani ya tuno lokacin da Zamfara United take buga babbar gasar ƙasa, manyan kulob-kulob suna zuwa har filin Sardauna. Daga nan sai gardama ta rabu biyu: masu cewa gwamnati ta yi watsi da ƙwallo, da masu cewa mu 'yan kallo ne ba ma son biyan ko sisi a ƙofa. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda na fi ji a irin wannan zama.

Wai su wa ake nufi da ƙananan kulob-kulob?

Ƙwallon Najeriya hawa-hawa ne. A sama akwai gasar Firimiya, NPFL, mai kulob 20. Ƙarƙashinta akwai NNL, wadda ake raba ta rukunin Arewa da na Kudu domin rage nisan tafiya. Sai NLO a hawa na uku, sannan gasannin jihohi da na unguwanni. Zamfara United da Kebbi United da Sokoto United duk sun san zaman ƙasa da Firimiya, kuma irinsu nake nufi, tare da ɗimbin kulob-kulob na Ƙaura Namoda da Talata Mafara da Gummi waɗanda ko sunansu ba ya fita daga jiha.

Me ya sa kullum kukansu ɗaya, babu kuɗi?

Mu ɗauki alƙalami mu yi lissafi na misali. A ce kulob yana da 'yan wasa 30, da koci da mataimakansa da mai duba lafiya da direba da mai kula da kaya, su 10. Mutum 40 ke nan. Ko da mafi ƙarancin albashin ƙasa za a ba kowa, wato naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024, kuɗin wata ɗaya ya kai miliyan 2.8. A wata 10 ya zama miliyan 28, kuma ba a taɓa zancen mota ba, ba a taɓa na masauki da abinci da takalma da magani ba.

Tafiya ita ce mai cin kuɗi. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, farashin lita ya ninka sau da yawa, alhali kulob yana fita kusan duk bayan mako biyu. Mu a Zamfara akwai ƙarin nauyin da kulob ɗin Ibadan bai sani ba. Hanyar Funtuwa ta Tsafe ba hanya ce da mai hankali zai bi da yara 30 bayan magariba ba. Wasan da aka fara ƙarfe 4 na yamma yana ƙarewa dab da faɗuwar rana, don haka dole a kwana, kuma kwana ɗaya na mutum 40 a otal kuɗi ne.

A ɗaya gefen kuma ƙofofin shigar kuɗi a toshe suke. Ƙananan gasanni ba su da kuɗin talabijin da za a ce ya riƙe kulob. Kamfanonin da za su sa sunansu a riga ba su da yawa a nan, masaƙar Gusau da ta taɓa ɗaukar ɗimbin ma'aikata ta daɗe da durƙushewa. Abin da ya rage shi ne aljihun gwamnati, da ƙofa, da sayar da ɗan wasa.

Kuɗin ƙofa kaɗai ba zai wadatar ba?

Ba zai wadatar ba, kuma gara a faɗi gaskiya. A ce mutum 2,000 sun shiga, kowa ya biya naira 300: an tara 600,000. Wasa 10 a gida, miliyan 6. Ka ajiye wannan kusa da miliyan 28 ɗin can na albashi. Daga cikin 600,000 ɗin ma za a fitar da na jami'an tsaro da motar asibiti da gyaran fili da buga tikiti.

Kuma wannan lissafi ne na ranar da kowa ya biya, ranar da ba kasafai take zuwa ba.

To tunda ba ya wadatarwa, me zai hana a buɗe ƙofa kyauta kowa ya shiga?

A nan nake rabuwa da abokaina da yawa. Na fahimci hujjarsu: mutane na fama da tsadar masara da shinkafa, filin da ya cika yana ƙara wa yara ƙarfin gwiwa, kuma gwamna ko ɗan majalisa da ya ce a buɗe ƙofa yana samun addu'a. Rana ɗaya a shekara, ranar wasan da za a hau ko a faɗi, ban ƙi ba.

Amma idan ya zama ɗabi'a, abubuwa uku ne suke lalacewa. Na farko, kulob ba ya ƙara sanin yawan magoya bayansa. Ranar da shugaban kulob ya je wurin kamfanin sadarwa ko banki neman su sa suna a riga, tambayar farko ita ce mutum nawa ke zuwa kallo, kuma "fili yana cika" ba amsa ba ce. Gutsuren tikiti shi ne shaida. Na biyu, wanda bai biya ba ba shi da bakin tambaya. Mai biyan naira 300 duk mako biyu yana da ikon ya ce ina kuɗinmu, me ya sa yara ba su karɓi alawus ba. Wanda aka shigar alfarma sai dai ya yi godiya. Na uku, ƙofar da babu tikiti babu mai ƙirga ta, kuma filin da ba a san adadin mutanen cikinsa ba yana da hatsari ranar da rigima ta tashi.

Akwai abin da na gani da idona a wata ƙofar fili, har yau yana damuna. Wani yaro mai sayar da ruwan leda ya tsaya yana haɗa canjinsa domin ya cika kuɗin shiga, a daidai lokacin da motoci masu baƙin gilas suke wucewa ciki, kowace da mutum huɗu ko biyar, babu wanda ya miƙa ko kwabo. Mai gadi yana sara musu. Matsalar ƙofarmu ke nan a taƙaice. Talaka yana biya, ko ya haura katanga idan ya rasa. Mai hali, wanda naira 5,000 ba za ta rage masa komai ba, shi ne yake ganin biyan kuɗin ƙofa raini ne. Rijiya ta bayar, guga ya hana.

Nawa ya kamata a sa?

Ma'aunin yana gidan kallo. Matashin da yake biyan ɗari ko ɗari biyu ya kalli Arsenal a kan benci, ƙarƙashin fanka, ba zai biya ninki biyar ɗin haka ya tsaya a rana ba. Wurin tsayuwar jama'a ya kasance kusa da kuɗin gidan kallo. Wurin inuwa ya ninka. Kujerun manya kuwa a sa musu kuɗi mai nauyi, kuma a karɓa, ko da kwamishina ne. Yara 'yan makaranta masu kayan makaranta su shiga kyauta amma da tikitinsu a hannu, domin su ne 'yan kallon shekara goma masu zuwa.

Ko a Ingila, inda kuɗi ya yi wa ƙwallo yawa, sai da magoya baya suka yi ta matsa lamba har aka ƙayyade tikitin baƙi a gasar Firimiya kada ya wuce fam 30, tun 2016. Sun gane cewa fili ba mutane ba ya sayuwa a talabijin.

A kuma rage hannun da kuɗi ke bi. Yanzu kusan kowace kwana akwai mai POS. A sayar da tikiti mai lamba tun kwana biyu kafin wasa, kuɗin ya faɗa asusun kulob kai tsaye, washegari a liƙa a bakin fili: mutum kaza suka shiga, kaza aka samu.

Jihar da ke fama da 'yan bindiga da ƙarancin asibiti da makaranta, ya dace ta kashe kuɗi a kan tamaula?

Wannan ita ce tambaya mafi nauyi, kuma ba na raina mai yin ta. Wanda ya baro ƙauyensa a Maru ko Anka ko Shinkafi da 'ya'yansa a hannu yana da haƙƙin ya tambayi dalilin sayen takalmin ƙwallo da kuɗin jama'a. Idan zaɓin shi ne tsakanin maganin asibiti da sayo ɗan wasa mai tsada daga wata jiha domin a burge, ina tare da asibiti.

Sai dai ba haka zaɓin yake ba a mafi yawan lokuta. Ka fita bayan la'asar ka zaga Samaru da Damba da Birnin Ruwa, ka ƙirga filayen da yara suka kafa duwatsu biyu a matsayin raga. Babu wata ma'aikata da ke tara matasa haka kullum ba tare da an raba musu komai ba. Kocin unguwa ya san wanda ya fara shaye-shaye kafin uban yaron ya sani. Ya san wanda ya daina zuwa makaranta. A jihar da babbar fargabarta ita ce inda matashi marar aiki zai faɗa, kuɗin da ya riƙe shi a fili daga la'asar zuwa magariba ba asara ba ne. Abin da nake ƙi shi ne yadda ake bayarwa: babu lokaci, babu ƙa'ida, babu lissafi, sai ranar da aka tuna ko ranar da zaɓe ya matso.

Idan gwamnati za ta bayar, ina ya kamata kuɗin ya tafi?

A kan abin da zai rage bayan an sauya gwamnati. Fili mai ciyawa da katanga da ruwa da ban-ɗaki, wanda mata da yara za su iya zama a cikinsa. Mota mai lafiya. Inshorar 'yan wasa, domin yaron da ya karye a wasa bai kamata a koma yi masa karo-karo a masallaci ba. Gasar ƙananan hukumomi 14 da za a riƙa yi kowace shekara a lokaci sananne. Tun da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a watan Yulin 2024 cewa kuɗin ƙananan hukumomi nasu ne, gyaran filin gari ɗaya a kowace hedikwata bai fi ƙarfinsu ba.

Albashi kuwa, idan kulob na jiha ne, a sa shi a kasafi, a sake shi wata-wata ta banki, kamar na kowane ma'aikaci. Kuma kada a saki na baɗi sai an wallafa yadda aka kashe na bana.

Maƙwabtanmu na Kebbi sun ga amfanin lissafi a fili. Ƙaramin filin wasa da aka gina a Birnin Kebbi da kuɗin shirin raya ƙwallo na FIFA, kusan dala miliyan 1.2, ya jawo ce-ce-ku-ce a ƙarshen 2025 da hotonsa ya yaɗu, mutane suna tambayar ko abin da aka gani ya yi daidai da kuɗin. Ko mene ne ra'ayinka a kan amsar, tambayar ta yiwu ne saboda an san adadin. Kulob nawa ne a Arewa magoya bayansa suka san kasafinsa?

Me zai hana a bar wa attajirai?

Ana yi, kuma wani lokaci yana kyau. Remo Stars ta Kunle Soname, daga ƙaramin garin Ikenne a jihar Ogun, ta ci kofin Firimiya a 2025, kuma ƙarfinta yana cikin filinta da makarantar renon yaranta. Barau FC ta Sanata Barau Jibrin ta hau Firimiya a shekarar. A gefe guda Kano Pillars, mallakar gwamnati, ta ci kofin sau huɗu, a 2008 da 2012 da 2013 da 2014, da taron 'yan kallon da babu irinsa a ƙasar. Ke nan ba mai kulob ne kaɗai abin dubawa ba.

Haɗarin mutum ɗaya shi ne ranar da ya gaji. Abiola Babes da Leventis United sun yi tashe, masu su suka janye, suka zama labari. A Ingila, Bury da aka kafa tun 1885 an kore ta daga gasa a 2019 saboda bashi. Jamus ta bi wata hanya: a mafi yawan kulob-kulob ɗinta, mambobi ne ke riƙe da rinjayen ƙuri'a, mai kuɗi ya zuba jari amma ba zai kwashe kulob ya tafi ba. Da Zamfara United za ta buɗe rajistar mambobi, ɗan kasuwar Gusau da malamin makaranta da ɗan acaba kowa da katinsa da ƙuri'arsa, da ta samu dubban masu gadi.

Akwai wani kuɗi da ƙananan kulob-kulob ke asara ba su sani ba?

Akwai, kuma shi ya fi ba ni takaici. A dokar FIFA, duk lokacin da aka sayar da ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata, ana ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin a raba wa kulob-kulob ɗin da suka rene shi daga shekara 12 zuwa 23. Shekarun 12 zuwa 15 kowace tana da rubu'in kashi ɗaya, daga 16 zuwa 23 kowace tana da rabin kashi. Yaron da ya buga wa wani kulob na Talata Mafara yana da shekara 16 da 17 da 18, in wata rana aka sayar da shi daga Beljiyam zuwa Faransa a kan yuro miliyan 1, kulob ɗin yana da yuro 15,000. Haka kuma a duk sayarwar da ta biyo baya tsakanin ƙasashe. Tun Nuwamban 2022 FIFA ta buɗe ofishi a Faris da ke bin tarihin ɗan wasa ya tura kuɗin.

Sharaɗin ɗaya ne: sunan yaron ya kasance a rajistar hukumar ƙwallo, ƙarƙashin sunan kulob ɗin, da shekarunsa na gaskiya. A nan muke faɗuwa. Koci ya yi shekara biyar yana saya wa yaro takalmi daga aljihunsa, wani dillali ya zo daga Legas ya ɗauke shi da alkawari, a takarda kuwa babu inda aka rubuta ya taɓa taka ƙwallo a Zamfara. Shugaban hukumar ƙwallon ƙasa da aka zaɓa a watan Satumban 2022, Ibrahim Musa Gusau, ɗan garin nan ne, kuma ya jagoranci hukumar ƙwallon jiha kafin nan. Abin da zan roƙi hukumar jiha da ma'aikatar wasanni shi ne su ɗauki ma'aikaci ɗaya da kwamfuta ɗaya, ya bi ƙananan hukumomi 14 ɗaya bayan ɗaya, ya shigar da kowane kulob da kowane yaro kafin a buɗe kakar baɗi.