Ƙara aikin kwantena na musamman a manhajar tsara jadawalin ayyuka

Ƙara aikin kwantena na musamman hanya ce da masu rubuta manhaja ke bi su koya wa manhajar tsara jadawali wani sabon nau'in aiki, wanda ba ita za ta yi shi da hannunta ba, sai dai ta miƙa shi ga manhajar da ke kiwon kwantenoni, galibi Kubernetes (kwantena ita ce manhajar da aka ƙunshe da duk kayan da take bukata aka kunna ta). Ta farkon ita ta san lokacin da aiki zai tashi da wanda zai riga shi. Ta biyun kuwa ita ta san injin da ke da sarari da yawan ƙarfin da za a ba aikin. Abin da ake rubutawa a tsakaninsu ɗan aike ne, ya kai saƙo, ya tsaya ya ga an yi, ya dawo da labari, sannan ya share wurin.

Asali

Kakan manhajojin jadawali shi ne cron na tsarin Unix, tun shekarun 1970. Layi ɗaya ake rubuta masa mai gurabe 5: minti, awa, ranar wata, wata, da ranar mako. Lokaci na cika sai ya tayar da aikin, ba ruwansa da ko na gabansa ya ƙare ko ya mutu a hanya. Wannan giɓin ne ya haifar da manhajoji irin su Apache Airflow, wadda Maxime Beauchemin ya fara a kamfanin Airbnb a 2014, ta shiga hannun gidauniyar Apache a 2016, ta zama cikakken aikin gidauniyar a Janairun 2019. A Airflow ana rubuta jerin ayyuka da harshen Python, a fayyace wane ne ke jiran wane, da sharaɗin kada jerin ya zagayo ya ciji wutsiyarsa. Wannan jeri shi ake kira DAG.

A ɗaya ɓangaren, Docker ta fito a 2013 ta sauƙaƙa ƙunshe manhaja da duk kayan da take bukata a wuri guda, yadda za ta gudana iri ɗaya a kowane inji. Ƙunshin da ba a kunna ba shi ne samfuri, wanda aka kunna kuma shi ne kwantena. Google ta sanar da Kubernetes a Yunin 2014, fitowa ta 1.0 ta biyo a Yulin 2015. Sunan daga Girkanci yake, ma'anarsa matuƙin jirgin ruwa. Mafi ƙanƙantar abin da take tayarwa shi ne Pod, wato kwanso, kamar kwanson gyaɗa da kan ɗauki ƙwaya ɗaya ko biyu. Haɗuwar ɓangarorin biyu a Airflow ta zo ne a 2018 da fitowa ta 1.10, wadda ta kawo KubernetesPodOperator, wato ofareta mai tayar da kwanso a Kubernetes (a Airflow, ofareta ita ce abin da ke fayyace yadda ake gudanar da mataki ɗaya na DAG). Akwai kuma Argo Workflows ta 2017, wadda tun asali kowane matakinta kwanso ne, da Apache DolphinScheduler mai nata nau'in aikin Kubernetes.

Dalilin rubuta na musamman

A ɗauka wani ofishi a Damagaram yana tattara farashin tiyar gero, dawa da wake daga kasuwar Dole da kasuwannin Mirya, Magarya, Matamai da Tanut. Wakilai na turo lambobi ta waya. Kowace asuba sai an kwaso saƙonnin, an tace su, an lissafa matsakaici, an fitar da rahoto. Mai tacewa ya rubuta nasa da Python, mai lissafi ya fi sabawa da harshen R, kowa da tarkacen da manhajarsa ke jingina da su. In aka tara su a inji ɗaya, ranar da ɗaya ya sabunta wani abu sai na ɗayan ya lalace. Kwantena ke raba wannan gardama, kowa da ɗakinsa.

Ana iya kiran KubernetesPodOperator kai tsaye a kowane mataki, kuma ga ofishin da matakansa ba su wuce 4 ko 5 ba hakan ya wadatar, rubuta sabo ɓata lokaci ne. Bukatar na kan taso ne idan matakai suka kai gommai, kowanne na maimaita abu ɗaya: sashen da kwanso zai zauna, rumbun da za a ɗauko samfuri, iyakar ƙwaƙwalwa, asusun izini. Sai a rubuta ofareta guda da ta gaji ta asalin, a dasa waɗannan a cikinta, mai rubuta DAG ya ba da sunan samfuri da umarni kawai. Wani dalilin shi ne idan abin da za a tayar ba kwanso zalla ba ne, misali aikin Spark, manhajar sarrafa bayanai masu yawa, ko wani nau'in da aka ƙara wa Kubernetes daga baya.

Yadda ake gina shi

A Airflow sabuwar ofareta kan gaji BaseOperator, uwar duk ofaretoci, ko wata da ta riga ta gaje ta. Zuciyarta ita ce execute, wurin da ake harhaɗa bayanin kwanso, a aika wa Kubernetes, a zauna jira. Akwai template_fields, jerin guraben da za a cika lokacin gudana, kamar ranar da rahoton ya shafa. Akwai on_kill, abin da za a yi in an kashe aikin da gangan. Masu koyo sukan manta da wannan na ƙarshe, sai a ga allo ya nuna aiki ya tsaya alhali kwansonsa na can yana cin ƙwaƙwalwa, maraya ba mai nemansa.

Wani kuskure da ya yawaita shi ne sa aiki mai nauyi, kamar tuntuɓar rumbun bayanai, a wurin da ake ƙirƙirar ofaretar maimakon cikin execute. Airflow na sake karanta fayilolin DAG a kai a kai, a tsarinta na asali duk bayan daƙiƙa 30, don haka abin da aka sa a can zai riƙa gudana dare da rana ko da ba a tayar da aikin ba.

Sakamako kan dawo ta hanyoyi biyu. Ta farko lambar fita ce: 0 na nufin an gama lafiya, duk wata lamba gazawa ce. Lambar 137 ta cancanci a haddace ta, domin 128 ce aka tara da 9, alamar an kashe kwantenar da ƙarfi, kuma sau da yawa dalilin shi ne ta zarce iyakar ƙwaƙwalwar da aka yanka mata. Ta biyu ita ce XCom: kwantena ta rubuta ɗan bayani a fayil /airflow/xcom/return.json, wata ƙaramar kwantena da ke gefenta a kwanso ɗaya ta riƙe ƙofa har a kwashe shi. Wannan hanya ta ɗan saƙo ce, kamar sunan fayil ko adadin layuka, tunda a rumbun bayanan Airflow ake ajiye shi. Babban kaya a wani ma'aji ake sauke shi, a aiko da adireshinsa.

Matsalar shugabanni biyu

Nan ne aikin yake da wuya. Manhajar jadawali tana da nata tsarin sake gwadawa, Kubernetes ma tana da nata, kuma babu wadda ta san da na ɗayar. Nau'in Job na Kubernetes yana da backoffLimit, iyakar sake gwadawa, wanda in ba a taɓa shi ba 6 ne, wato gwaji na farko da ƙarin 6. In aka ce wa Airflow ta sake gwadawa sau 3, ita ma gwaji 4 ke nan. A ninka, aiki ɗaya da ya lalace na iya tashi sau 28. Ga matakin lissafi wannan asarar lokaci ce kawai. Ga matakin da ke tura wa ƴan kasuwa saƙon farashi ta waya, mutum ya wayi gari da saƙo iri ɗaya sau barkatai. Ba a sarki biyu a gari ɗaya: abin da ya fi dacewa shi ne a mayar da backoffLimit 0, a bar wa mai jadawali ikon sake gwadawa, tunda shi ke riƙe da tarihin aikin.

Ko an yi haka, dole aikin kansa ya zama wanda maimaita shi ba ya ɓarna. Matakin da ke cewa "ƙara farashin yau" zai ninka layuka in ya gudana sau biyu. Wanda ke cewa "goge na wannan rana, rubuta sabo" ko sau goma ya gudana sakamakon ɗaya ne.

Sai batun yankewar alaƙa. Wuta ta ɗauke, ko injin da ke jiran kwanso ya sake tashi, alhali kwanson na can yana aikinsa lafiya lau. In ofareta ta farfaɗo ta tayar da sabo, an sami biyu. Maganin shi ne shaida, irin wadda makiyayi ke yi wa dabbarsa: kowane kwanso a manna masa sunan DAG, sunan mataki da lambar zagaye, ofareta ta fara duba ko akwai mai wannan shaidar kafin ta ƙirƙiri wani. KubernetesPodOperator na yin haka ta reattach_on_restart, amma wanda ya rubuta tasa daga tushe sai ya gina da kansa.

Jiran ma yana da tsada, domin aikin awa 3 kan riƙe gurbin ma'aikaci awa 3 yana kallo kawai. Airflow 2.2 ta 2021 ta kawo ofaretoci masu jingine kansu, su saki gurbin, wani sashe mai suna triggerer ya yi gadi ya tashe su in an gama.

Inda intanet ba ta da ƙarfi

Adadin da aka dasa a waɗannan manhajoji an yanka su ne da tunanin injunan da ke maƙwabtaka da rumbun samfura. KubernetesPodOperator na ba kwanso daƙiƙa 120 ya tashi. Samfuri mai nauyin gigabait 1 a layin megabit 10 na bukatar daƙiƙa 800, fiye da minti 13, in ma layin bai yi tangarɗa ba. Sai aiki ya faɗi tun bai fara ba, a yi ta neman laifi a cikin lissafin da ko taɓa shi ba a yi ba. Ana magance wannan da rage nauyin samfuri, da ajiye rumbu na cikin gida a ofis, da sa IfNotPresent don kada a sake sauko da abin da inji ke da shi. Sai dai wannan na tafiya ne da ba kowane samfuri lambarsa ta dindindin. Mai amfani da latest, wato "na baya-bayan nan", a maimakon lamba bai san ainihin abin da ya gudana jiya ba.

Izini da agogo

Ofareta na shiga Kubernetes da asusun hidima, kuma ya kamata a taƙaita shi ga sashe ɗaya: ƙirƙirar kwanso, duba shi, karanta bayanan gudanarsa, goge shi. Ba shi mabuɗin gida gaba ɗaya ya fi sauƙi a ranar farko, amma daga nan duk mai iya rubuta DAG ya zama mai gida. Kalmomin sirri a Secret, ma'ajin sirri na Kubernetes, ake sa su, ba a cikin samfuri ba, tare da sanin cewa base64, salon rubutun da ake ajiye su da shi, ba kulle ba ne, sai an kunna ɓoyewa da gangan.

Airflow na lissafin lokaci da UTC, agogon bai ɗaya na duniya, in ba a sauya mata ba, kwantenoni ma galibi haka. Agogon Nijar yana gaban UTC da awa 1 duk shekara, don haka jadawalin da aka rubuta 0 5 * * * a salon cron, wato ƙarfe 5 daidai kowace rana, ƙarfe 6 na safe zai tashi a Damagaram. Saƙon da wakilin Tanut ya turo ƙarfe 12 da rabi na daren da Talata ta shiga kuwa, kwantena za ta lissafa shi cikin na Litinin.