Ƙayyade kuɗin ruwa: kashi nawa, a kwana nawa?

Tun da Trump ya yi alkawarin mayar da ruwan katin bashi kashi 10 a yaƙin neman zaɓen 2024, kalmar nan "ƙayyade kuɗin ruwa" ta cika rediyo da Facebook. A Fabrairun 2025 ma sanatocin Amurka biyu da ba sa shan inuwa ɗaya a siyasa, Bernie Sanders da Josh Hawley, sun kai ƙudurin doka a kan haka. Kwanan baya na ji wani mai gabatar da shiri yana cewa wai za a soke kuɗin ruwa a Amurka. Ba sokewa ba ce, iyaka ake shata wa mai ba da bashi. Amma wannan kuskuren mai sauƙi ne. Wanda ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda ake cewa "kashi kaza" a ja baki a yi shiru, ba a faɗi a kwana nawa ba.

A Amurka akwai shagunan da ke ba da rancen kafin albashi. Ka karɓi dala 100, bayan mako biyu ka mayar da 115. Mai shago zai ce maka kashi 15 ne kawai, kuma bai yi ƙarya ba. Sai dai idan ka miƙe wannan kashi 15 na kwana 14 ya kai shekara, kashi 391 ke nan. Za ka ce ai ba wanda ke riƙe rancen mako biyu har shekara. To dubi yadda abin ke tafiya. Mace ta ranci dala 300 don gyaran mota, ladan mai shago 45. Albashi ya shigo, haya da cefane sun cinye, ba ta da 345 a dunƙule. Sai ta biya 45 ɗin a ɗaga mata ƙafa mako biyu. Ta sake, ta sake. A karo na bakwai ta zuba dala 315, uwar kuɗin kuwa tana nan ko sisi ba ta ragu ba. Hukumar kare masu hulɗar kuɗi ta Amurka ta gano a 2014 cewa fiye da huɗu cikin biyar na irin wannan rance sabunta shi ake yi cikin mako biyu. Kasuwar ke nan, a kan wanda ya kasa biya take tsaye.

Don haka idan ka ji Amurkawa na cewa kashi 36, a shekara suke nufi, wato kashi 3 a wata. Da wannan iyakar, ruwan dala 100 na mako biyu bai kai dala ɗaya da rabi ba. Daga 15 zuwa ɗaya da 'yan kai. Wannan kashi 36 ita ce iyakar da majalisar ƙasar ta sa a 2006 kan bashin da ake ba sojoji da iyalansu, bayan an ga shagunan nan sun yi wa barikoki ƙawanya. Abin da ya burge ni da dokar sojojin, ba ruwa kaɗai take ƙirgawa ba, har da kuɗin inshora da sauran 'yan kunji-kunjin da ake liƙa wa bashi. In ba haka ba, mai ba da bashi zai rage ruwa ya ƙara kuɗin takarda, an gudu ba a tsira ba. Wani ƙanena ya taɓa cin bashi a wata manhajar waya a nan gida, aka rubuta masa dubu ashirin, dubu goma sha bakwai suka shigo asusunsa. Sauran ukun wai kuɗin aiki ne, kuma a kan ashirin ɗin aka lissafa masa ruwa.

Inda kalmar ta fi shan wahala shi ne jihar Dakota ta Kudu a zaɓen 2016. Tambayoyi biyu aka jera wa masu zaɓe a takarda ɗaya, kowacce na kiran kanta ƙayyadewa. Ɗaya ta ce kashi 36. Ɗayar, wadda masu ba da rancen suka ɗauki nauyinta, ta ce kashi 18. Duk mai sauri zai ce ai 18 ta fi tausayin talaka. Amma a cikinta an saka cewa iyakar ba ta aiki idan mai karɓar bashi ya sa hannu ya amince da abin da ya fi haka. Wane mai neman rance ne ba ya sa hannu? Katanga ce aka gina aka bar ƙofa hanhai. Mutanen jihar suka karanta, suka yi watsi da ta 18, kusan kashi 76 cikin ɗari suka zaɓi ta 36.

Haka jihar Kolorado ta yi a 2018 da kusan kashi 77 na ƙuri'u, jihar Nebraska a 2020 da kusan 83, a ranar da jihar ta ba Trump rinjaye. Masu ra'ayin riƙau da masu sassauci sun haɗu a nan, abin da ba kasafai ake gani a Amurka ba.

Masu adawa na cewa idan aka sa iyaka shaguna za su rufe, mai buƙatar gaggawa ya rasa inda zai nufa. Akwai ƙamshin gaskiya, don a Dakota ta Kudu sun rufe ɗin, kuma matar nan mai mota har yanzu tana buƙatar dala 300. Ni dai ban yarda rancen da ke cin 315 ya bar 300 taimako ba ne. Wasu kuma kan kawo Kenya, wadda ta sa iyaka a 2016 ta cire a 2019 saboda bankuna sun janye hannu daga ƙananan 'yan kasuwa. Waccan iyakar kan bashin banki ce, maki huɗu kacal sama da ruwan babban bankin ƙasar. Ta Nebraska kuwa ta sauko da ruwa ne daga wajen kashi 400 zuwa 36.