Edita na cusa min kalmar da ban nema ba, ya zan yi?

Na danna Enter don in sauka sabon layi, sai edita, wato manhajar da nake rubuta kod a ciki, ta saka min wata kalma. Me ke faruwa?

Maɓalli ɗaya ne aka ɗora wa aiki biyu. A editar VS Code in dai akwatin nan na shawarwarin kalmomi ya fito, Enter da Tab duk karɓar shawara suke yi, kai kuma hannunka ya riga idonka, ka gama layi ka buga Enter ba ka ma lura akwatin na buɗe ba, shi ke nan ta liƙa maka duk abin da ke sama. Shiga saitin (Settings) ka nemo editor.acceptSuggestionOnEnter ka mayar da shi off, Tab kaɗai ya riƙa karɓa. Akwai smart ma, amma ni dai off na fi so, don ba sai na tsaya canke-canken abin da za ta yi ba.

To wai a ina take samo kalmomin?

Wata edita kalmomin da ka riga ka rubuta a fayil kawai take tattarowa, ba ruwanta da ma'ana. Wata kuma tambayar sabar yare take yi, wato wata manhaja daban da ke aiki a bayan fage, ta hanyar LSP, tsarin magana tsakanin edita da sabar da Microsoft ta fitar a 2016, sabar ce ta san kod ɗinka da gaske. In ka ga shawarwarin sun koma shirme, fara duba ko sabar ce ba ta tashi ba.

Ctrl+Space ya ƙi buɗe akwatin fa?

Galibi wata manhaja ko tsarin kwamfutar ne ya riga edita kama maɓallin. A macOS da shi ake canza yaren kibod. Ko ka canza can, ko a VS Code ka danna Ctrl+K sannan Ctrl+S, a Mac kuma Cmd+K Cmd+S, jerin maɓallai ya buɗe ka ba buɗe akwatin wani maɓallin.

A editar Vim kuma fa?

Vim ba ta fito da komai sai ka nema. Kana cikin rubutu ka danna Ctrl+N ko Ctrl+P ta ciko kalma, Ctrl+X Ctrl+F ta ciko sunan fayil, Ctrl+Y ka karɓa, Ctrl+E ka fasa. Amma a kula kafin a taɓa Tab, a yawancin tamina, wato tagar da ake buga wa kwamfuta umarni, Tab da Ctrl+I lamba ɗaya suke turawa wato 9, in ka ɗora wa Tab wani aiki a nomal mod, wato yanayin ba Vim umarni ba na rubutu ba, to Ctrl+I ɗinka ma ya tafi, alhali da shi kake komawa gaba bayan ka ja baya da Ctrl+O.