Me ake ajiyewa a ma'adanar takardun tarihi ta jami'a?

Ba ɗaya take da laburare ba?

A'a. Littafin laburare dubbai aka buga, in ya ɓata a nan a same shi can. Abin da ke ma'adana kuwa galibi shi kaɗai ne a duniya: wasiƙa da rubutun mai ita, bayanin zaman taro, taswira, hotuna, kaset ɗin hira da dattijon da ya riga mu gidan gaskiya. Shi ya sa ba a ba da aro. A nan za ka zauna ka karanta, ka mayar.

Ga ma'adanar gwamnati, me ya sa ake kai takardu jami'a?

Ta gwamnati abin da ofisoshinta suka rubuta ta fi tarawa. Takardun malami, ɗan kasuwa ko jam'iyya ba kasafai suke samun gurbi a can ba, kuma magada sun fi sakin jiki da jami'ar yankinsu. Takardun gwagwarmayar jam'iyyar ANC, wadda ta yaƙi wariyar launin fata, suna Jami'ar Fort Hare a Afirka ta Kudu. Gidan Arewa da ke Kaduna, wanda aka kafa a 1970 a gidan Sardauna, yana ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, Farfesa Abdullahi Smith ne ya fara jagorantarsa.

Ana samun abin mamaki, ko tarin tsofaffin fayiloli ne kawai?

Yawanci fayiloli ne masu gundura, gaskiya. Amma a 2015 Jami'ar Birmingham ta Ingila ta sanar da warƙa biyu na Alƙur'ani a kan fata, ɗauke da ayoyin Kahfi da Maryam da Ɗaha. Gwajin kimiyya ya nuna fatar ta tsakanin shekarar 568 da 645 Miladiyya ce (shekarun fatar ya auna, ba na tawadar ba). Shekara da shekaru suna ajiye a Birmingham, an ɗinke su cikin wani kundin daban, sai da wata mai binciken digirin digirgir ta lura rubutun bai yi kama da na sauran ba.

A ganina aikin ma'adana a nan yake. Takardar da ba a shigar a rajista daidai ba, da ita da wadda ta ɓata duk ɗaya. Shi ya sa ma'aikata ba sa gauraya takardun mutum biyu ko da batunsu ɗaya, kuma suna barin su a jeren da mai su ya bari. Rasit ɗin da ke manne da wasiƙa kan faɗi abin da wasiƙar ta yi shiru a kai.

Me ke lalata su?

Danshi, zafi, gara, hasken rana, sai hannun mai kyakkyawar niyya. Salatif yana barin tabon da ba ya fita, ƙarfen maƙala takarda yana tsatsa ya ci gefenta, rufe ta da leda mai zafi kuwa ba ya warwaruwa cikin sauƙi. Abin ban haushi, takardar da aka yi da ɓawon itace daga tsakiyar ƙarni na 19 ta fi ta dā, wadda aka yi da tsumma, saurin yin ja da karyewa.

In an ɗauki hotonsu a kwamfuta, ba shi ke nan ba?

Yana rage taɓawa, yana kuma ceto in gobara ta zo, irin wadda ta ci ɗakin karatu na Jagger a Jami'ar Cape Town a Afrilun 2021. Sai dai hoto ba ya nuna tambarin masana'anta da ke cikin jikin takarda, wanda sai an ɗaga ta ga haske ake gani, da shi kuma ake ƙiyasta shekarunta. Na'urar ajiyar ma tana mutuwa.

Wanda ba ɗalibi ba zai iya shiga?

A yawancinsu, eh. Rubuta musu tun kafin ka je, ka faɗi abin da kake nema, ka tafi da katin shaida da fensir, don ba a yarda da biro ba. Wasu fayilolin, kamar na asibiti ko na ma'aikata, ana rufe su na wasu shekaru saboda sirrin masu rai.