Lauyan cinikin makamashi, ma'adinai da manyan ayyuka

Lauyan cinikin makamashi, ma'adinai da manyan ayyuka shi ne wanda ya ƙware wajen tsara yarjejeniyoyin da ake ƙullawa kafin a gina tashar wutar lantarki, ko a haƙa rijiyar mai, ko a buɗe mahaƙar ma'adinai, ko a shimfiɗa layin dogo, musamman a ƙasashe masu tasowa. Ba kasafai yake tsayawa gaban alƙali ba. Aikinsa a teburin tattaunawa yake, tsakanin gwamnati, masu zuba jari, 'yan kwangila da bankuna.

Rabon asara

Galibin waɗannan ayyuka da bashi ake yin su, kuma aikin ne da kansa zai biya bashin. Ana kafa sabon kamfani don aikin kaɗai, sai bankuna su ba shi kuɗi ba tare da uwar kamfanin ta tsaya masa da dukiyarta ba. Shi ya sa banki ba ya sakin ko sisi sai lauyoyinsa sun bi kowace takarda da tambaya ɗaya: in abu ya lalace, wa zai ɗauki asarar?

A ɗauki tashar wuta mai amfani da gas. An ci bashin da dala, amma masu shan wutar da kuɗin ƙasarsu za su biya, kuma yarjejeniyar sayen wutar takan kai shekara 20. To in darajar kuɗin ƙasar ta faɗi fa? In gas bai iso ba, ko tasha ta kammala amma babu layin da zai kwashi wutar? Kowace tambaya tana da sashenta a takarda. Sau da yawa akan wajabta wa mai sayen wutar, wanda galibi kamfanin gwamnati ne, ya biya muddin tashar a shirye take, ko ya karɓi wutar ko bai karɓa ba, sharaɗin da ke kwantar da hankalin banki amma yakan zame wa gwamnati ƙarfen ƙafa. Tashar Azura-Edo a Najeriya, mai ƙarfin megawat 461, sai a ƙarshen 2015 aka kammala haɗa kuɗinta, bayan Bankin Duniya ya ba da lamuni kuma gwamnati ta amince za ta sayi tashar in yarjejeniyar ta rushe.

A harkar mai, ɗaya daga cikin tsare-tsaren da suka fi yaɗuwa shi ne na rabon abin da aka haƙo, wanda Indonesiya ta shahara da shi tun 1966: kamfani ya fara cire kuɗin da ya kashe, a raba saura da gwamnati.

Dokar wa za a bi?

Yawancin takardun bashi dokar Ingila ko ta New York ake ɗora su a kai, amma lasisi, fili da haraji suna ƙarƙashin dokar ƙasar da aikin yake. Don haka lauyoyin Landan ko Faris ba sa iya aiki sai da takwarorinsu na cikin gida. Masu zuba jari kuma kan nemi a rubuta musu cewa sauyin doka nan gaba ba zai taɓa ribarsu ba. A nan ake yawan kai ruwa rana, domin in farashin ma'adinai ya tashi gwamnatoci kan ga an kware su. Tanzaniya ta yi dokoki a 2017 da suka ba gwamnati aƙalla kashi 16 cikin ɗari na hannun jarin mahaƙai kyauta. Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kongo ta ƙara harajin ma'adinai a 2018, Mali ma ta sabunta dokarta a 2023.

In rigima ta taso, masu sasanci na ƙasa da ƙasa ake kai wa, ko dai cibiyar ICSID da aka kafa a 1966 ƙarƙashin Bankin Duniya, ko wani zaure da Yarjejeniyar New York ta 1958 ta sa ake zartar da hukuncinsa a ƙasashe da yawa. Kuɗin da ake yankewa ba na wasa ba ne. A 2019 an yanke wa Pakistan biyan kusan dala biliyan 6 kan mahaƙar Reko Diq, kafin a sasanta a 2022. Kamfanin P&ID ya samu hukuncin dala biliyan 6.6 a kan Najeriya a 2017 kan wata yarjejeniyar sarrafa gas, sai a Oktoban 2023 Babbar Kotun Landan ta gano cewa da zamba aka same shi.

Shiga sana'ar

Hanyar ita ce digirin shari'a, lasisin aiki, sannan shekaru a sashen kuɗi ko makamashi na wani babban ofishin lauyoyi, irin su Clifford Chance ko White & Case. Sabon shiga da binciken takardu yake farawa: shin lasisin nan yana da rai, wa ya mallaki filin, an biya mutanen da aka tasa diyya? Dole ya san dokokin hana cin hanci, wato ta Amurka ta 1977 da ta Birtaniya ta 2010, waɗanda ke bin kamfani har ƙasar waje, da ƙa'idojin muhalli na hukumar IFC, reshen Bankin Duniya mai ba kamfanoni masu zaman kansu rance. Faransanci, Fotugisanci ko Sifaniyanci na ƙara masa daraja. Ƙasashen Afirka 17 ne, galibinsu masu amfani da Faransanci, ke bin dokar kasuwanci ta bai ɗaya da ake kira OHADA. Daga baya wasu lauyoyin kan koma kamfanonin mai ko bankunan raya ƙasa.

Kujerar da ta fi ƙarancin ƙwararru ita ce ta gwamnati, inda jami'an ma'aikata ƙalilan kan fuskanci tawagar lauyoyin da ba su da wani aiki sai wannan. Don rage wannan giɓi aka kafa cibiyar tallafin shari'a ta Afirka, ALSF, a 2008, wadda ke zaune a Bankin Raya Afirka a Abijan, tana ɗaukar wa gwamnatoci lauyoyi tana kuma horar da nasu.