Waiwaye: Yadda tubabbun 'yan daba suka zama masu kashe wutar rikici a biranen Amurka

A watan Mayun 1992, ana tsakiyar jana'iza a cocin Morning Star da ke Boston, 'yan daba suka kutsa ciki suka daddaɓa wa wani matashi wuƙa. Abin ya girgiza fastocin baƙaƙen fata na birnin, har suka fara fita unguwanni cikin dare suna zama da yaran da kowa ke gudu. A 1996 'yan sanda da masana suka shigo da shirin Operation Ceasefire, na gargaɗin 'yan daba kai tsaye su daina harbe-harbe. Kisan kai a Boston ya sauko daga 152 a 1990 zuwa 31 a 1999.

Shikago ta bi wata hanyar. Gary Slutkin likita ne da ya yi fama da kwalara da tarin fuka a Somaliya, da ƙanjamau a Yuganda. Da ya dawo gida, sai ya ga harbe-harben unguwa suna yaɗuwa kamar annoba: an harbi wannan, gobe abokansa su rama, jibi a rama ramuwar. A 2000 ya kafa CeaseFire a unguwar West Garfield Park, shirin da daga baya ya koma Cure Violence. Ma'aikatansa yawanci tubabbu ne, wasu sun sha ɗauri. Da an yi harbi sukan garzaya asibiti ko gidan makoki, su tari masu shirin ramuwa tun zuciya na tafasa. Yaro ba ya jin maganar ɗan sanda, amma yana sauraron wanda ya san ya taɓa riƙe bindiga. Shi ya sa ba sa kai tsegumi wurin hukuma, don ranar da aka ɗauke su 'yan leƙen asiri, aikin ya mutu.

Inda gizo ke saƙa shi ne kuɗi. A 2015 gwamnan Illinois, jihar da Shikago take ciki, Bruce Rauner, ya dakatar da tallafin shirin. A 2016 aka kashe mutum 762 a Shikago. Ba wannan kaɗai ya jawo ba, amma a ganina ba a kori masu sulhu sannan a yi mamakin faɗa.

A shekarar ce Teny Gross, tsohon ma'aikacin titi a Boston, ya buɗe cibiyar Institute for Nonviolence a unguwar Austin ta Shikago, yana koyar da ƙa'idoji shida na Martin Luther King, jagoran fafutukar 'yancin baƙaƙen fata, kan yaƙi da zalunci ba tare da makami ba. Shi kansa King, lokacin da ya kama haya a unguwar North Lawndale ta Shikago a 1966, a ɗakinsa yake karɓar 'yan daban unguwar.