Ido Ba Ya Gane Mai Ƙanjamau

Akwai wata magana da na gaji da ji a ɗakin gwaji. Sai an gaya wa mutum gwaji ya nuna yana da cutar, ya yi jugum, can ya ɗago ya ce, "To ai matata lafiyarta ƙalau, ko rama ba ta yi ba." Ko mace ta ce, "Wallahi maigidana ko ciwon kai ba ya yi." Kusan kowane mako sai na ji ta, shi ya sa na ce bari in yi magana.

'Yan'uwa, ƙwayar cutar ƙanjamau ba ta fitowa a goshi. Mutum yana iya ɗauke da ita har shekara 10, yana harkokinsa, jiki mulmul, kuma duk tsawon lokacin nan yana iya sa wa wani. Ana cewa ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A kan wannan cuta dai bai san komai ba. Ni da nake wannan aiki kullum, in ka tsaya a gabana ba zan iya cewa kana da ita ko ba ka da ita ba sai an ɗiba jini. To kai da wane ido kake gane ta? Alƙaluman Majalisar Ɗinkin Duniya na 2023 sun nuna kusan mutum miliyan 40 ne ke ɗauke da cutar a duniya, fiye da miliyan 5 daga cikinsu ba su ma sani ba. Su ma da madubi suke dubawa su ga lafiya lau.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yara. Kwanaki wata baiwar Allah ta kawo jaririnta, yau zazzaɓi gobe gudawa, ya ƙi girma. Da tana da ciki an ce ta yi gwaji, mijin ya ce ba buƙata, ai ya san matarsa, ita ma ta san shi. Muka gwada, uwa da ɗa duk suna da ita. Haba jama'a! In ba a ɗauki mataki ba, cikin jarirai 100 da masu cutar suka haifa, 15 zuwa 45 kan kamu, ko a ciki, ko wajen haihuwa, ko ta nono. In uwa na shan magani, adadin kan sauka ƙasa da 5. Gwajin da bai wuce minti 20 ba ne ya tsaya tsakanin yaron nan da wannan wahala, kuma aka ƙi yi saboda "na san shi".

Na san tsoro ne, ba taurin kai kaɗai ba. Mutum yana ganin in an ce yana da ita, shi ke nan tasa ta ƙare. Wallahi ba haka ba ne yanzu. Yawanci ƙwayar magani ɗaya ce a rana. Wanda ya riƙe ta da gaske, cikin kamar wata 6 ƙwayar cutar kan ragu a jininsa har na'ura ta kasa gano ta, kuma a wannan hali ba ya sa wa matarsa ko mijinta ta hanyar saduwa. Waɗanda muke rasawa su ne masu jira sai tarin fuka ya kwantar da su, sannan a ɗauko su ranga-ranga.

Kuma don Allah a daina gudun masu cutar. Musabaha, cin abinci tare, banɗaki ɗaya, cizon sauro, babu wanda ke yaɗa ta. Jini ne, da maniyyi, da ruwan gaban mace, da nono. Ka ƙyamaci wanda ya fito ya faɗa, sannan ka amince da wanda bai taɓa gwaji ba don kawai yana da ƙiba, wannan wane irin lissafi ne?

A taƙaice:

- Gwaji kafin aure, da duk lokacin da aka samu ciki.
- Kwaroron roba in ba ka san matsayin abokin kwanciyarka ba.
- Kada a yi tarayya a allura, reza ko duk abin da ke fitar da jini.
- In an yi fyaɗe, ko roba ta fashe, ko allurar wani ta soke ka, garzaya asibiti kafin awa 72. Akwai maganin kariya na kwana 28.
- In an gwada ba a gani ba alhali abin bai daɗe da faruwa ba, a sake bayan wata 3.

Sai ku maza masu turo mata awo, in an ce ba ta da ita ku ce kun tsira. Ba ku tsira ba. Muna ganin ma'aurata da yawa, ɗaya na da ita ɗaya babu, shekara da shekaru a ɗaki ɗaya. Jininta daban, naka daban. Ka zo da kanka a gwada ka, sakamakon kuma tsakaninmu da kai ne.